Wannan tudun na gefen tashar Berkhamsted, akwai abin gani ko ciyawa ce kawai?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Don Allah ina da tambaya. Kullum in na hau jirgin ƙasa daga Milton Keynes zuwa Landan, daidai tashar Berkhamsted ta hannun hagu sai in hango wani tudu mai ciyawa da guntattakin bango da wani faffaɗan fili, har na tambayi wani Bature da muke aiki tare ya ce min wai fadar yaƙi ce ta zamanin da. To ni dai ban ga fada ba, tudu na gani. Yara suna hutu kuma sun ishe ni da a fita a fita, shi ne na ce ko in kai su can, amma ina tsoron mu je su ce Abba ina fadar take in rasa bakin magana. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya, ana biyan kuɗi? kuma ya cancanci mutum ya kashe kuɗin tikiti ya kwaso iyali?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka je, amma ka cire hoton fadar da kake gani a talabijin daga ranka, kufai za ka tarar. Abin kallon wurin ƙasar ce kanta ba ginin ba.

Irin wannan tsarin Normawa, wato mutanen Normandi ta Faransa da suka ci ƙasar da yaƙi, su ne suka baza shi a Ingila bayan 1066. Tudun da kake hangowa ba halitta ba ne, mutane ne suka tara shi da hannu, shi suke kira mot, filin da ke gindinsa kuma beli. Dabarar ba wuya, a haƙa gwalalo a zagaye, ƙasar da aka kwaso a tsiba ta a tsakiya, kaga aiki ɗaya ya ba ka rami ya ba ka tudu. A saman tudun sai a kafa hasumiyar katako a kewaye ta da kafi, a ƙasa cikin filin kuma nan ne rayuwa take, ɗakin taro, madafa, bargar dawaki, maƙera, wurin ibadarsu. In abokan gaba sun ci filin sai a gudu sama. Kuma ba a buƙatar gwanayen magina, talakawan gari kawai za a tasa a gaba su yi ta haƙa, shi ya sa suka yi ɗaruruwa cikin ɗan lokaci a ƙasar da ba a son su.

Shi na Berkhamsted ba ƙaramin wuri ba ne a tarihinsu fa. Bayan Wiliyam na Normandi ya ci yaƙin Hastings a watan Oktoba na 1066 bai afka wa Landan kai tsaye ba, zagayowa ya yi ya tsallaka kogin Thames a Wallingford ya zo Berkhamsted, a nan manyan Ingilishi suka fito suka yi masa mubaya'a, har da babban limamin cocin York da kuma Edgar wanda wasu suka so naɗawa sarki. Ranar Kirsimeti aka naɗa Wiliyam sarki a cocin Westminster da ke Landan. Ɗan uwansa Robert na Mortain, wanda suke uwa ɗaya, shi aka ba wurin. Daga baya aka sauya katako da dutse, Thomas Becket ma, wanda ya zama babban limamin cocin Canterbury, ya riƙe fadar ya yi gine-gine kafin su ɓata da Sarki Henri na 2. A ƙarshen 1216 Yarima Luwi na Faransa ya yi mata ƙawanya da manyan majaujawa masu cilla duwatsu har ta miƙa wuya. Babbar mutum ta ƙarshe da ta zauna a ciki ita ce Cecily Neville, uwar sarakuna 2, Edward na 4 da Richard na 3, ta rasu a 1495, daga nan aka bar wurin, mutane suka yi ta kwasar duwatsun suna gina gidajensu. Shi ya sa ka ga guntattaki.

Shiga kyauta ne, ƙungiyar adana wuraren tarihi ta English Heritage ke kula da shi.

Maman Biyu:
Baban yara in dai 'yan ƙanana ne ka kai su, mu mun je da nawa sun fi awa 2 suna tsere a filin nan ba wanda ya tambayi fada. Daga tasha ko minti 5 ba za ka yi ba a ƙafa. Amma don Allah ka duba hasashen yanayi, mu ranar da muka je an kwana ana ruwa, taɓo har idon sawu, ƙaramar ta zame ta zauna daɓas da sabuwar riga ina ji ina gani. Takalmin roba ko but, ban da silifas ban da fararen kambas. Akwai matakala ta hawa tudun amma keken jariri ba zai hau ba sai dai ɗaya ya tsaya a ƙasa. Kuma ka riƙe musu hannu a bakin ramin saboda wani lokaci da ruwa a ciki. Ku tafi da abincinku da tabarma, mu a kan ciyawar muka yi azahar ba wanda ya ko kalle mu. In lokacin sanyi ne ku fita da wuri, ƙarfe 4 duhu ya fara.

Bakano a Luton:
Ni fa Malam ku yi haƙuri, na je sau ɗaya kuma raina bai biya ba. Mutumin da ya taso yana hawa badala a Kano za a nuna wa wannan? Wallahi dariya ta kama ni, na ce ashe tsibin ƙasa ake ta yi wa allo da hotuna haka. Ɗan Tudun Wada in fada kake so yara su gani ka ƙara kuɗi ka kai su Windsor ko Warwick su ga bango tsaye da hasumiya.

Malamin Tarihi:
Hhh Bakano ai ka taimake ni ba ka sani ba. Windsor ɗin da ka ambata ita ma a haka ta fara, wannan zagayayyiyar hasumiyar da kowa ke ɗauka a hoto a kan tudun Wiliyam take zaune har yau, Warwick ma tudunta na nan. Bambancin kawai su an ci gaba da zama ana gini a kai, Berkhamsted an tashi, to a nan ne kake ganin ƙashin abin ba tufafi.

Batun badala kuma, ai kusan sa'anni ne, tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar, shi kuwa an sa sarautarsa daga 1095 zuwa 1134. Sai dai manufar ba ɗaya ba ce, ganuwar Kano gari ta kewaye da mutanensa har da gonaki, ita kuwa wannan baƙon da ya ci ƙasa da yaƙi ne ya gina wa kansa da 'yan dakarunsa don ya zauna a saman mutanen gari yana kallonsu. Ƙanƙantarta da gangan ne. Abin da ya fi ci min rai dai, lokacin da za a shimfiɗa layin dogon da kuke bi ɗin nan, dokar majalisa ta 1833 da ta ba da izinin aikin sai da ta sa sharaɗin kare kufan, duk da haka an ci gefen ƙofar waje amma sauran ya tsira. Mu kuwa kai ma ka san yadda ake yankar badala ana yin fuloti.

Bakano a Luton:
Wannan kam ka taɓo min inda ke ciwo Malam, wajen unguwarmu inda muke hawa muna yara yanzu shaguna ne. Amma dai ban janye ba, yara Windsor za su fi so.

Injiniya:
Shawarata ɗaya, kar ka fara da cikin filin. Ka fara bin saman ganuwar ƙasar ta waje ka zagaya, za ka ga ramin ba ɗaya ba ne biyu ne, sai ka tsaya ka ce wa yaran su ɗauka suna sanye da sulke ana harbinsu daga sama kuma dole su sauka su hau su sake sauka su sake hawa. Daga nan ku hau tudun, kusan mita 14 ne, a ido kamar wasa amma sai ka yi haki, a sama akwai bakin tsohuwar rijiya da tushen bangon da ya zagaye, jirage kuma na wucewa ƙarƙashinka. Bangon da ya rage na dutsen ƙyastu ne, kar a bari su hau ko su ɓanɓari, kuma kar wani ya ce zai zo da na'urar neman ƙarfe a ƙasa, laifi ne a irin wuraren nan. In abin ya shige ka, akwai na Thetford a Norfolk, shi tudun ya kai kusan mita 20 kuma ba ko bulo ɗaya a kai tun da Henri na 2 ya sa aka rushe a 1173, can ne Bakano zai yi kuka.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Asabar in Allah ya kai mu za mu je in ba a yi ruwa ba. Maman Biyu uwargida ta ce a tambaye ki, akwai banɗaki a wurin ko sai mun koma tasha?