Firojet ɗin kayan koyarwa: zan iya haɗa irin Makey Makey da kaina?

Ɗalibin_NCE3:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lantarki ku taimaka min. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, sashen kimiyya, an ce kowa ya haɗa kayan koyarwa da hannunsa wanda yara za su taɓa su gwada, kuma sufabaiza ɗina ta ce kar wanda ya sake ya kawo mata kwali da zanen zuciya, ta gaji da gani. To ni na ga wani bidiyo a YouTube ana kaɗa fiyano da ayaba, yaro ya taɓa ayaba kwamfuta ta yi ƙara, sunan abin Makey Makey. Gaskiya ya burge ni amma kuɗin odarsa daga waje ya fi ƙarfina. Wai ya abin yake aiki ne, kuma mutum zai iya haɗa nasa?

MaiGyaranWaya:
Wslm. Babu wani siddabaru a ciki malam. Jikin mutum yana ɗaukar wuta kaɗan saboda ruwan da ke cikinsa, ayaba ma haka. Yaro zai riƙe waya ɗaya a hannu, ɗaya wayar tana soke a jikin ayaba, da ya taɓa ayabar layi ya haɗu, sai ɗan allon lantarkin da wayoyin ke jone da shi ya gaya wa kwamfuta an danna maɓalli, ita kwamfutar a tunaninta kibod aka jona mata. Wutar USB ce bolt 5, ko ji ba zai yi ba.

Kuma abin da zai ƙara maka ƙwarin gwiwa, waɗanda suka ƙirƙiro shi ɗalibai ne a lokacin, Jay Silver da Eric Rosenbaum a jami'ar MIT ta Amurka, suka fito da shi a 2012. Idan za ka haɗa naka nemi ƙaramin allon lantarki na Arduino Leonardo ko Pro Micro, su ne masu guntun ATmega32U4 da ke iya zama kibod kai tsaye. Kar ka sayi Arduino Uno don an ce ya fi yawa a kasuwa, zai wahalar da kai a wannan aikin. Sai rizisto, wato abin rage ƙarfin wuta, manya, daga megaohm 1 zuwa sama, da wayoyi masu bakin kada. Abu ɗaya, in lokacin hunturu za ka kare firojet ɗin, hannun yara bushewa yake ƙayau, sai a taɓa abu ya ƙi, ka ajiye ɗan ruwa a kofi su jiƙa yatsa. Ni ranar da na fara gwadawa na kusa awa biyu ina zargin allon ashe hannuna ne.

Malama_Firamare:
Ɗana ka yi haƙuri zan ɗan zuba maka ruwan sanyi. Wace makaranta za ka kai abin? Inda nake koyarwa yara sun haura 80 a aji, babu soket ko ɗaya balle kwamfuta. Ɗaliban TP, wato masu gwajin koyarwa, suna zuwa mana da kaya masu kyau a yi hoto a tafi da su, shi kenan. Wanda ya zauna mana har yau wani allon tambaya ne na filawud da wata yarinya ta yi, tambayoyi a hagu amsoshi a dama, kowanne da ƙusarsa, ta baya ta haɗa kowace tambaya da amsarta da waya. Batir biyu na tocila da ɗan ƙwan LED. In yaro ya ɗora tsinke ɗaya kan tambaya ɗaya kan amsar daidai sai ƙwai ya kama, ka ji aji ya ɗau ihu. Takardun kawai muke canzawa, yau lissafi gobe sassan jiki. Har wani yaro ya leƙa bayan allon ya gano dabarar, daga nan ma muka shiga darasin yadda wuta ke zagayawa ba shiri.

MaiGyaranWaya:
Gaskiyar Malama ce. Amma akwai tsaka-tsaki, wayar Android da ke karɓar OTG, wato a jona mata kayan USB, tana karɓar kibod, to allon Arduino ɗin zai yi aiki da waya ba sai laftof ba. Kuma ba dole ayaba ba, ko fensir mai baƙi sosai ka goga a takarda ya yi kauri zai ɗauki wuta, yara su zana maɓallansu da kansu.

Ɗalibin_NCE3:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama maganarki ta shige ni wlh, makarantar da na yi TP ma haka take. Ina ga allon tambayar zan fara, in kuɗi sun ragu na ƙara na fensir ɗin a gefe. Mai gyara, ƙwan LED ɗin in na sa batir mai bolt 9 ba zai ƙone ba?

MaiGyaranWaya:
Zai ƙone nan take, sa masa rizisto ohm 470 a layi. Kuma doguwar ƙafar ita ce ta ɓangaren fulos (+), in ka juya ba zai kama ba.