Gashin ragon Layya, bana ni ne babba a gida

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum. Baba ya rasu bayan azumi. Shi ke feɗe rago, ya ware shi da sanduna, ya jingina gefen wuta har magariba, mu muna ɗauko itace. Ni ban taɓa yi ba. Yaya zan yi kada ya ƙone?

Dattijon Mokoyo: Allah ya jiƙansa. Ɗana, kada harshen wuta ya taɓa nama, zafi kawai ake so. Ka haɗa da na maƙwabta, wuta guda, manya za su gaya maka lokacin juyawa.

Inna ta Zariya: Ka fara miƙa wa mata kayan ciki su soya. Rabo sai washegari, kuma cinyar gwaggonka tana nan yadda mahaifinka ya saba.