Tsofaffin gidajen gona na dutse a Dartmoor: me ya sa suke da tsawo haka, kuma me ke jiƙa bangonsu?

Mai_Bincike: Salamu alaikum, masana. Gidajen gona na dutse da ke Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila, dogaye ne kuma a kan gangara aka kafa su. Mene ne dalili? Sannan me ya sa bangonsu ke tara danshi bayan an yi masa gyara da siminti?

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam. Gangarar da gangan ce. Mutum da shanunsa rufi ɗaya suke kwana: iyali a ɓangaren sama, dabbobi a ƙasa, wani lungu ya ratsa tsakani da ƙofa gaba da baya. Kwata ce ta bi tsakiyar ɗakin shanun ta ɓulle ta bangon ƙarshe, fitsari da kashi su gangara waje. Yawancinsu an gina su tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Wani gida mai suna Higher Uppacott na cikin waɗanda ɗakin shanunsu bai sauya ba.

In shekarun gida kake nema, ɗaga kai sama. Da farko murhu a tsakar ɗaki yake, babu bututun hayaƙi, don haka kunkunniya ta baƙanta katakan rufi da cikin jinkar. Bututu da bene sai ƙarni na 16 zuwa na 17 aka ƙara su.

Tsohon_Magini: Batun danshi kuwa, Malam, laifin siminti ne. Bangon fuska biyu ne na dutse, kaurinsa wajen santimita 60, cikinsa ƙananan duwatsu da ƙasa. Ruwa yana shiga, ya fita ta tsakanin duwatsu. Siminti yana tsagewa kamar gashi, ruwa ya kutsa, hanyar fita ta toshe, sai ya ɓullo cikin ɗaki, bakin katako ya ruɓe.

A ƙwaƙule simintin da ke tsakanin duwatsun da kurfi da guduma, kada a sa injin yanka, yana cin gefen dutse. Zurfin ƙwaƙular ya kai ninki biyu na faɗin tazarar da ke tsakanin duwatsun. A share, a jiƙa, a cusa kwaɓin farar ƙasa ta gini (wato lime) awo 1 da yashi mai kaushi awo 3. A lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara na 'yan kwanaki, don in ya bushe da gaggawa marmashewa yake. Ranar da sanyi ya yi tsanani har ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 5 na Celsius, a bar aikin.

Malam_Tarihi: Ƙari kaɗan: in gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, a tuntuɓi hukumar yankin kafin a taɓa bangon. Sauya fasalinsa ba izini laifi ne a dokar Ingila.