Manhaja ta ƙi buɗewa, wai babu libssl: ku faɗa mana yadda kuka yi

Mai shagon kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na ɗaga kwamfutocin shago biyu daga Ubuntu (wani nau'in Linux) 20.04 zuwa 22.04. apt, mai girka manhajoji da sabunta su a Ubuntu, bai ce uffan ba. Sai da na zo buɗe wata manhajar sikana da na kwafo a filashi tun bara, na danna, na sake dannawa, shiru. Da na kira ta daga tamina sai ga "error while loading shared libraries: libssl.so.1.1". Abin da ke damuna shi ne ban san guda nawa suka mace a ɓoye haka ba. Akwai hanyar binciko su gaba ɗaya, kada sai kwastoma na tsaye a kaina?

Malamin kwamfuta, Daura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ma na sha wannan. 22.04 ya zo ne da OpenSSL 3 (manhajar ɓoye bayanai don tsaro, ita ke da libssl), fayil ɗin ya koma libssl.so.3, ita kuma manhajarka da tsohon aka gina ta. apt ba zai kula ba, tunda ba ta hannunsa ta shigo ba. Abin da ke cikin rajistarsa kaɗai yake ƙirgawa. Umarnin ldd ne ke nuna laburaren (fayilolin taimako irin su libssl) da kowace manhaja ke jingina da su, wanda ya ɓata zai rubuta "not found" a gabansa. Ga abin da nake bugawa:

for f in /usr/local/bin/*; do ldd "$f" 2>/dev/null | grep -q "not found" && echo "$f"; done

Ka maimaita a cikin foldojin /opt. Amma fayil ɗin da ba ka yarda da asalinsa ba, kada ka sa masa ldd, don yana iya tayar da shi. Yi amfani da readelf -d, ka duba layukan NEEDED.

Ɗalibi, Ƙofar Marusa:
Malam, bari in tona asirin kaina. Ni wayo na yi, na haɗa libssl.so.3 da sunan tsohon ta hanyar ln -s, umarnin da ke ba fayil suna na biyu. Na ɗauka na gama. Manhajar ta dawo da sabon kuka, wai ba ta ga OPENSSL_1_1_0 ba. Ashe lambar da ke ƙarshen sunan ba ado ba ce, cikin ma ya canza. Kwana biyu na ɓata kafin na goge.

Wata 'yar uwa mai Arch (wani nau'in Linux daban), Katsina:
Ƙanena, gara kai. Ni tsadar data ce ta ja min. Na yi pacman -Sy (pacman shi ne apt ɗin Arch), na sauke fakiti ɗaya tak don in yi tattali, ya jawo sabon laburaren icu, manhajoji da dama da ke neman tsohon suka kwanta lokaci guda. Arch ba ya yarda da sabunta rabi da rabi. Dole na sayi datar da nake gudu, na yi pacman -Syu, mai sabunta komai gaba ɗaya. Yanzu bayan kowace sabuntawa ina buga checkrebuild, yana nuna min kayan AUR (rumbun manhajojin da masu amfani da Arch ke sakawa) da ke buƙatar a sake gina su.

Kuma Alhaji, ba kowane "not found" ne ciwo ba. Wasu manhajojin /opt suna tafe da nasu laburaren, ƙaramin fayil ɗin da ke tayar da su ne ke nuna musu hanya. Gwada buɗewa tukuna.

Malamin kwamfuta, Daura:
Gaskiyarki, Hajiya. Wani lokacin ma laburaren na nan zaune a /usr/local/lib, sudo ldconfig, mai sabunta jerin laburaren da kwamfuta ta sani, kawai yake jira. Idan kuwa babu shi, apt-file search da sunansa zai faɗi fakitin da ke ɗauke da shi. Shi dai OpenSSL 1.1.1 an daina tallafa masa tun Satumbar 2023, ban ba da shawarar a tono shi ba.

Mai shagon kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri. Binciken ya fito da uku, biyu na sauke sababbinsu, ta ukun dama ba na amfani da ita, na goge. Akwai kuma wata AppImage (manhajar da ke zuwa a fayil guda, ba sai an girka ba) da binciken bai kama ba amma ta ƙi tashi, tana neman libfuse.so.2. Na sa libfuse2 ta buɗe. Saura ɗaya kwamfutar, sai an kawo wuta.