Wace ordinater zan saya don AutoCAD da Revit? Jikka 700 gare ni

Mai_Zane_Yamai:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zanen palan gidaje nan Yamai da lojisiyel ɗin zane AutoCAD da Revit, wani lokaci da Lumion mai hidda hoton 3D in mai gida na son ganin hoton gidanshi kamin a fara shantiye. Portabul ɗina i5 ce mai RAM jiga 8, da na buɗe palan etaj biyu na juya shi 3D sai ta tsaya cik, bantilater na ta kuka. Wani mai butik ya gwada min wata ordinater ta tebur HP Z440 okaziyo, prosesar ɗinta (ƙwaƙwalwar masin) Xeon E5-2680 v4 mai kor 14, wato sassa 14 masu aiki cikinta, ya ce ba aikin da zai gagare ta. In ɗauka ko in haɗa sabuwa?

Injiniya_227:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar yawan kor ya ruɗe ka don Allah. In kana jan bango, kana sa ƙofa, kana juya model, kusan duk aikin nan kor ɗaya ke ɗaukar shi, sauran na zaune ne kawai, sai wajen randu, wato hidda hoton ƙarshe na zanen, suke tashi. Xeon ɗin nan na 2016 ne, gudunshi 2.4 GHz ne, in ya yi iyakar ƙoƙarinshi ya kai 3.3, alhali sabon prosesar i5-13600K na kai 5.1, Ryzen 7 7700X kuma 5.4, kuma ko gudunsu ɗaya ne sabon ya fi tsohon aiki nesa ba kusa ba. Ga wata matsala, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Xeon ɗin kuma baya cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Ni dai shawarata ka haɗa sabuwa, RAM jiga 32, disk mai sauri SSD NVMe tera 1, kar ka yarda a sa maka tsohon disk mai juyawa a ce shi zai ɗauki Windows.

Ɗan_Adar:
Gaskiya Injiniya ya hwaɗi, amma ku tuna ƙasar da muke. Nan Tawa watan Afrilu da Mayu zahi na wuce 40, prosesar in ta yi zahi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, ka biya kuɗin 5 GHz ba ka samu ba. 13600K ma ba ya zuwa da bantilater cikin kwali, sai ka sayi babba daban. Akwati mai shan iska ka nema, kar ka aje shi ƙasa, lokacin hunturu ka buɗe ka hure ƙura da sufler, ni tawa in na buɗe raga ta gaba jawur take. Sannan ondiler, mai batir da ke riƙe masin in wuta ta tafi, dole ne tun da kuran na ɗaukewa ba sallama, ka hidda kuɗinta tun hwarko.

Hajiya_Arshi:
Ni wajen kart girafik, mai sarrafa hoto, ne ban so ka yi rowa. Lumion kart ɗin yake ci, ba prosesar ba. RTX 3060 mai jiga 12 ta ishe ka, 4060 ta fi ta sabunta amma jiga 8 ce, in ka cika itatuwa da motoci cikin sen za ka ji bambanci. Kart irin su Quadro da RTX A2000 bar wa masu zanen injina da SolidWorks, tsada ce kawai a gare ka. Alimantasiyo kuma, akwatin da ke ba masin wuta, ka nemi ta kirki wat 650 mai tambarin 80 Plus na rashin ɓarnar wuta, kar ka ɗauki marar suna.

Mai_Zane_Yamai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in kuɗin bai kai duka ba, mi zan rage?

Injiniya_227:
Rage prosesar zuwa i5-12400F, yana zuwa da bantilater nashi kuma baya zafi sosai, sa kat mer (allon da ake haɗa duk kayan a kai) mai ɗaukar RAM DDR4, ta fi araha. Ekran yi haƙuri da wanda ke gare ka tukuna. RAM da ondiler kam kar ka taɓa su. Kuma ka sa mai butik ya kunna ta gabanka ya rubuta maka garanti a takarda kamin ka ƙirga mashi kuɗi.