Neman kalmar Hausa: me za mu kira "fossil"?

Mai Shiri: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin rediyo kan yadda baƙo zai zaga gidan tarihin halittu na Landan, wanda aka buɗe a 1881. Shiga kyauta ne, sai dai gara mutum ya kama lokaci ta intanet saboda layi. Kalmar "fossil" ce ta tsaya mini, ga ta ko'ina cikin rubutun. A taimaka kafin daren Laraba.

Malama Hauwa: Burbushin halittu. Shi kunne ya saba ji a labarai.

Malamin Kimiyya: Malama, burbushi ragowar abin da aka gutsuttsura ne. Manyan dabbobin ruwan da wata Baturiya, Mary Anning, ta tono a gaɓar tekun Lyme Regis a Ingila, waɗanda aka jera a bangon gidan, wasunsu daga kai har wutsiya suke. A duba yadda abin ke samuwa. Dabba ta mutu, laka ko yashi ya rufe ta da wuri kafin ta watse. Nama ya ruɓe, ƙashi ya rage. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da ma'adinai ya yi ta ratsa ƙananan kofofin ƙashin yana cike su, shekara miliyoyi, har ya yi nauyi da tauri irin na dutse. Kuma lallai kalmar ta raba wa baƙo abu uku da zai iya rikitawa. Ƙwarangwal ɗin shuɗin kifin wel da ke rataye a babban zaure, mai tsawon mita 25, ƙashi ne na gaske, amma na dabbar da ta maƙale a gaɓar Ailan a 1891, bai shiga wannan lissafi ba. Dippy, dainoson (wata ƙatuwar dabba ta zamanin da wadda irinta ya ƙare) da ya tsaya a zauren har 2017, kwaikwayo ne na filasta da attajiri Andrew Carnegie ya bayar a 1905, asalinsa yana Amurka. Na uku shi ne wanda muke nema wa suna.

Alaramma: To ai ka faɗi kalmar da bakinka, Malam. Ya zama dutse. Yadda muke cewa Hausanta, Hausantacce, haka za mu ce dutsanta, dutsantacce, dutsantacciya, dutsantattu. Zauren dutsantattu. Ƙa'idar harshe ta ba mu.

Malama Hauwa: Allah gafarta Malam, ginin kalmar daidai ne. Amma ƙwaron da ya maƙale cikin ƙaron itace ya daskare fa? Giwayen zamanin da masu gashi da ake samu cikin ƙanƙarar Saiberiya har da fatarsu fa? Babu wanda ya zama dutse a cikinsu. Ga sawun ƙafa da ramin tsutsa, waɗanda ba jikin dabbar ba ne ma.

Ɗan Jarida: A rubuta fosil a huta. Baƙon da ya je can, allon bayanin da zai gani da Turanci yake.

Alaramma: Wannan shi ne ciwon da ke cin harshenmu. Duk kalmar da ta yi wuya sai mu sa mata hula mu ce ta zama tamu. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi ya kasa raɗa wa ƙashi suna? Dutsantacce nake kai.

Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, mota da asibiti ba su rage mana daraja ba, littafi ma daga Larabci ya zo. Su kansu Turawan Ingila aro suka yi daga Latin, ma'anarta abin da aka tono. Richard Owen, shugaban farko na wannan gidan, da Girkanci ya haɗa kalmar dainoso a 1842.

Alaramma: Shi ya zauna ya ƙirƙira, bai ɗauka a shirye ba. Abin da nake kira mu yi ke nan.

Mai Shiri: Malamai, don Allah, lokaci.

Malamin Kimiyya: Ga tawa: kufan halitta. Kufai wurin da gari ya zauna ne ya tashi, ya bar alama. Ya ɗauki ƙashi, ya ɗauki sawu, ya ɗauki ƙwaron ƙaro. Na filasta kuwa a ce zubi, kamar yadda maƙera ke faɗa. A kuma gaya wa baƙo ya karanta allon kowane ƙwarangwal, don sau da yawa ana cike gurbin ƙasusuwan da suka ɓata da zubi.

Malama Hauwa: Zubi ya zauna. Kufai kuma a rediyo mai sauraro zai ɗauka tsohon gari ake nufi.

Mai Shiri: Na gode. Zan tafi da burbushin halittu, in yi bayaninsa a ambato na farko. Zubi na ɗauka. Dutsantacce zan sa shi siffa kawai, ga ƙashin da ya zama dutse da gaske.

Alaramma: Siffa kawai? To, ba laifi, a fara da hakan. Amma burbushi bai gamsar da ni ba, kuma maganar dainoso tana nan ba mu taɓa ta ba.