Na'urar auna feshin dizal da na haɗa tana ƙirga fiye da kima

Assalamu alaikum, iyayen gidana a harkar inji da lantarki.

Janareton dizal nake aiki a kai, mai silinda 4, tsohon yayi mai famfon mai na ƙarfe. Na ciro faifan fizo (ɗan faifan da ke ba da lantarki idan an matsa shi) daga wata ƙararrawa, na matse shi a jikin bututun nozul (bakin da ke fesa mai cikin silinda) na farko, don ya ji kumburar bututun duk lokacin feshi. Na sa rizista mai megaom 1 da dayod zina mai bolt 5.1 don kariya kafin waya ta shiga Arduino, ƙaramin allon kwamfutar da ke ƙirga feshin.

Injin yana juyi 1500 a minti. Tunda feshi ɗaya kowane nozul ke yi a juyi biyu, ya kamata in ga 750 a minti. Amma abin da nake gani ya haura 2000, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Na goge fentin bututun, na sauya waya mai garkuwa, duk a banza. Zargina ya fi karkata ga girgizar sauran bututun, ko mai ne ke kai da komowa bayan nozul ya rufe.

Shin faifan zan matsar kusa da famfo, ko a cikin lissafin Arduino zan sa jinkiri bayan kowane bugu? Sati biyu ke nan abin ya hana ni barci. Don Allah a taimaka.